Jiniya ta yi kuka, guguwa ba ta zo ba: 'yata ta ci gaba da ɓuya?

"Assalamu alaikum Malam. 'Yata ta tare da mijinta a birnin Oklahoma na Amurka bara. Tun da watan Afrilu ya kama take yawan kirana, wai suna cikin banɗaki ita da yara saboda an busa jiniyar guguwa. Kullum sai a tashi lafiya, ba abin da ke faruwa sai ruwa da ƙanƙara. Yanzu mijin ya ce ya gaji, ba zai ƙara tashin yara daga barci ba, in ma ta zo da gaske mota zai zuba su su gudu. Ni dai na ce ai guguwa ce, mu ma muna da ita. Don Allah wace irin guguwa ce wannan, me ya sa ake ta gargaɗin da ba ya tabbata, kuma tsakanin 'yata da mijinta wa ya fi gaskiya?" Wata uwa daga Zariya.

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara lafiya, ya kuma tsare miki su. Abu uku kike son sani: ko tonado da ake yi a can ita ce guguwar da muka sani, dalilin da ya sa ake yawan gargaɗi ba a ga komai ba, sai kuma abin da ya kamata mutanen gidan su yi in jiniya ta sake kuka. Bari in fara da na ƙarshen, don shi ne na rai da mutuwa. 'Yarki ce ke da gaskiya. Ƙorafin surukinki yana da tushe, zan ma nuna miki cewa alƙaluma suna goyon bayansa, amma maganin da ya zaɓa ya fi cutar haɗari. Fannina nazarin yanayi ne, na yi wani ɓangare na karatuna a wannan yankin da suke zaune, na kuma bi masu binciken ɓarna zuwa garuruwan da tonado ta ratsa. Abin da zan faɗa miki daga nan ya fito.

Ba irin tamu ba ce

Guguwar da ke tashi a filin kasuwa ko a gona da tsakar rana a lokacin bazara, ta kwashi leda da karmami ta yi sama da su, daga ƙasa take farawa. Rana ce ke gasa ƙasa, iskar da ke kanta ta yi zafi ta tashi tana juyawa. Ba ta buƙatar hadari, sau da yawa ma sama garau take, kuma cikin 'yan mintuna ta mutu. Tonado kuwa 'yar hadari ce. Ginshiƙin iska ne mai juyawa wanda kansa ke cikin gajimaren hadari, ƙafarsa kuma a ƙasa. Ƙarfinta daga hadarin yake zuwa, hadarin da tsayinsa kan kai kilomita 15, shi ya sa ba a haɗa su.

Kafin a samu mai tsanani, sai abubuwa sun haɗu. Ana buƙatar iska mai ɗumi da laima a ƙasa, da busasshiyar iska mai sanyi a sama, yadda ta ƙasan za ta samu damar tashi da ƙarfi. Sannan ana buƙatar iskar sama da ta ƙasa su saɓa wa juna a gudu da kuma inda suka dosa. Wannan saɓanin shi ne asirin abin. Ki tuna yadda kike murza maburgi tsakanin tafukan hannu, hannu ɗaya ya yi gaba ɗaya ya yi baya. Haka iskar da ke tsakanin waɗannan biyun take murɗewa, sai dai a kwance take juyawa. In hadari ya taso, iskar da ke hawa cikinsa sai ta ɗaga wannan murɗaɗɗiyar ta tsayar da ita, daga nan cikin hadarin gaba ɗaya ya fara juyawa a hankali, faɗin kilomita da yawa. Irin wannan hadari mai juyawa shi ke haifar da kusan duk tonado masu kisa. Juyin yakan tsuke kusa da ƙasa, kuma gwargwadon tsukewarsa gwargwadon saurinsa, har a ga abu mai siffar mazurari ya sauko.

Dalilin da ya sa Amurka ta fi kowa samunta, shimfiɗar ƙasarta ce. Tekun Meksiko yana kudu yana turo ɗumi da laima. Tsaunukan Roki da hamada suna yamma, daga nan busasshiyar iska ke zuwa ta hau kan mai laimar. Kanada tana arewa da sanyinta, kuma babu wasu tsaunuka da suka gitta daga gabas zuwa yamma balle su raba su. A filayen Teksas, Oklahoma, Kansas da Nebraska suke gamuwa. Ana ƙirga tonado sama da 1,000 a ƙasar duk shekara. A Oklahoma abin ya fi yawa daga Afrilu zuwa Yuni, ya fi tsanani a Mayu, galibi daga la'asar zuwa bayan isha'i. Wato 'yarki tana tsakiyar lokacin tonado ne yanzu, kuma a tsakiyar yankin da tonadon ta fi yawa. Sauran ƙasashe ma suna samu, irin su Kanada, Ajantina, Afirka ta Kudu da wasu sassan Turai. Wadda ta fi kowacce kisa a tarihi ma a Bangaladesh aka yi ta, ranar 26 ga Afrilu 1989, inda mutum kusan 1,300 suka rasu.

Yadda take ɓarna

Ba a cika samun na'urar auna iska a daidai inda tonado ta bi ba, in ma an samu ba ta tsira. Saboda haka daga ɓarna ake gane ƙarfinta. Wani masani ɗan asalin Japan, Tetsuya Fujita, wanda tun yana matashi ya yi nazarin ɓarnar bam ɗin Nagasaki kafin ya koma Jami'ar Chicago, shi ya fito da ma'aunin a 1971. An gyara shi a 2007, yanzu mataki shida ne, daga EF0 zuwa EF5. Ta EF0 iskarta tana tsakanin kilomita 105 zuwa 137 a awa, tana karya rassa ta ɓamɓare ɗan rufi. Ta EF2 tana ɗage rufin gida ɗungurungum. Ta EF5 ta haura kilomita 322 a awa, tana share gidan katako daga kan harsashinsa, sai daɓen siminti kawai a gani. Ranar 3 ga Mayu 1999, kusa da birnin da 'yarki take, wata na'ura da aka ɗora a kan mota ta auna iska mai gudun kimanin kilomita 480 a awa a cikin wata tonado.

Mafi yawansu ƙanana ne, EF0 da EF1, kuma ba sa wuce minti goma a ƙasa. Manyan, EF4 da EF5, ba su fi ɗaya cikin ɗari ba, amma su ke da alhakin mafi yawan rayukan da ake asara.

Abin da na koya a wajen binciken ɓarna, wanda hoto ba ya nunawa, shi ne gida ba ya rushewa lokaci guda. Bi da bi yake yi. Yawanci ƙofar gareji ko taga ce ke fara karyewa, iska ta cika gidan ta tura rufi daga ciki, ta waje kuma tana jansa sama. Da rufi ya tafi, bangon waje ya rasa abin da ke riƙe kansa, sai ya kwanta. Abin da ke saura a ƙarshe shi ne ƙananan ɗakunan tsakiya, banɗaki, ɗakin ajiya, lungun ƙarƙashin matakala, domin bangonsu kusa da juna yake, suna tallafar juna. Na sha tsayawa a unguwar da ta zama fili, in ga ba abin da ke tsaye a gida sai wannan ɗan ɗakin na tsakiya, kuma a ce mini a nan mutanen gidan suka tsira. To kin ga shigar 'yarki banɗaki ba tsoro ba ne kawai, a kan ilimi take.

Kuma ba iskar ce ke kashe mutane kai tsaye ba, abin da ta ɗauko ne. Katako, kwano, gilashi, bulo, ƙarfe, duk suna zama makami, kuma raunin kai da wuya shi ya fi kisa. Fujita ya kuma gano cewa cikin babbar tonado akwai ƙananan guguwoyi masu zagaya ta, waɗanda suka fi ta ƙarfi. Su ne ke sa a ga an share gida ɗaya, na maƙwabcinsa kuma ko tagarsa ba ta fashe ba. Mutane kan ɗauka wani abin al'ajabi ne game da gidan da ya tsira, alhali tazarar 'yan taku ce ta raba su.

Daga ina gargaɗin yake fitowa

Akwai lokacin da hukumar yanayi ta Amurka ta hana ma'aikatanta ambaton tonado a hasashensu, don gudun firgita jama'a. A wannan zamanin ne, ranar 18 ga Maris 1925, wata ta ratsa jihohin Mizuri, Ilinoi da Indiyana, tafiyar kimanin kilomita 350, ta kashe mutum 695 ba tare da an sanar da kowa ba. Hasashen farko da ya tabbata a birnin 'yarki aka yi shi. Tonado ta afka wa sansanin sojan sama na Tinker ranar 20 ga Maris 1948, sai aka umarci jami'ai biyu, Ernest Fawbush da Robert Miller, su binciki alamunta. Bayan kwana biyar suka ga alamun sun dawo, suka yi gargaɗi, aka killace jirage, ita kuwa ta sake zuwa da yammacin ranar.

Yau sanarwa hawa biyu ce, kuma rashin bambance su na cikin abin da ke gajiyar da mutane. Ta farko sanarwar shiri ce. Wata cibiya da ke garin Norman, kudu da birnin Oklahoma kaɗan, ita ke fitar da ita ga duk ƙasar. Ma'anarta kayan haɗin sun taru, tonado na iya faruwa a wannan yanki cikin awanni masu zuwa. Yankin yakan kai rabin jiha. Wannan ba ta ce kowa ya ɓuya ba, cewa ta yi a caja waya, a san inda yara suke, kada a yi nisa da mafaka. Ta biyu ita ce gargaɗin ɓuya, wanda ofisoshin hukumar guda 122 ke fitarwa, kowanne ga yankinsa. Ma'anarsa an ga tonado da ido, ko na'urar rada ta nuna hadari yana juyawa da ƙarfi. Yakan ɗauki minti 30 zuwa 45, kuma shi ne ke sa waya ƙara da kanta, shi ne ake busa wa jiniya. Akwai na uku da ba a cika ji ba, gargaɗin ta-ɓaci, wanda ofishin Norman ya fara amfani da shi a wancan daren na Mayu 1999. In aka fitar da shi, an tabbatar babba ce kuma ta nufo gari.

Na'urorin rada kusan 160 ne aka kakkafa a ƙasar tun shekarun 1990. Suna aika sigina cikin hadari, su auna ko ɗigon ruwa yana matsowa ko yana nisa. In aka ga iska mai matsowa da mai nisa manne da juna, to akwai juyi a wurin. Bayan gyaran da aka kammala musu a 2013, suna iya bambance ruwa da tarkacen gidaje da ke yawo a sama, wanda ke tabbatar da cewa ta sauka ko da cikin dare ne. Ga kuma 'yan sa-kai da aka horar, masu bin hadari suna ba da rahoto.

Me ya sa yake yawan zama ba komai

A nan surukinki ya faɗi gaskiya. Cikin kowane gargaɗi goma, kimanin bakwai ba a tabbatar da saukar tonado a cikinsu. Lokacin da gargaɗin ke bayarwa kuma, a matsakaici, bai cika kai kwata na awa ba.

Dalili na farko, iyakar iliminmu ce. Mun san yanayin da ke haifar da hadari mai juyawa, muna iya hango ranar tun saura kwana biyu ko uku. Amma yawancin irin wannan hadarin ba ya haifar da tonado, kuma har yau babu masanin da zai dubi biyu masu kama da juna a rada ya rantse cewa wannan zai sauke, wancan ba zai sauke ba. Abin da ke yanke hukunci yana faruwa ne a 'yan ɗaruruwan mitoci na kusa da ƙasa, wurin da rada ba ta gani sosai. Siginarta a miƙe take tafiya, duniya kuma a lanƙwashe take, don haka in hadari ya yi nisa da na'urar sai ta riƙa leƙen ƙirjinsa, ƙafarsa ta ɓace mata.

Ki sa kanki a kujerar ma'aikacin da ke gaban kwamfuta. Ga juyi yana ƙaruwa, ga gari a gabansa saura minti goma sha biyar. In ya jira sai an gani da ido, gargaɗinsa zai zama gaskiya kullum, amma zai iso bayan rufi ya tashi. In ya yi da wuri, zai tashi mutane daga barci a banza sau da yawa. Ba shi da hanyar rage ɗaya ba tare da ya ƙara ɗayan ba. Na zauna kusa da masu wannan aiki, na ga yadda gumi ke karyo musu, kuma ni a ganina zaɓin da suke yi na gaggauta gargaɗi shi ne daidai. Asarar barcin awa ɗaya ana rama ta.

Dalili na biyu mutane ba su cika lura da shi ba. Ko gargaɗin ya tabbata, ga yawancin waɗanda aka gargaɗa ba abin da zai faru. Yankin da ake zanawa a taswira yakan kai ɗaruruwan murabba'in kilomita, tonado kuwa sau da yawa faɗin hanyarta bai wuce mita ɗari ko ɗari biyu ba. Za ta iya rushe unguwa a kudancin gari, na arewa su kwana suna cewa an sake yi musu ƙarya. Mai yiwuwa cikin dararen da 'yarki ta kira ki akwai wanda ta sauka a wani wuri, ba dai a layinsu ba.

Haɗarin wannan gajiya an gan shi a garin Joplin na jihar Mizuri, ranar Lahadi 22 ga Mayu 2011. An yi gargaɗi minti 17 kafin ta sauka, an busa jiniya. Duk da haka mutum 158 ta kashe kai tsaye, ta rushe dubban gidaje, da makarantu, da ɗaya daga cikin manyan asibitocin garin, ɓarnar ta kai dala biliyan 2.8. Da hukumar yanayi ta bi waɗanda suka tsira tana tambayarsu, sai ta gano yawancinsu ba su motsa da jiniyar farko ba, domin sun saba jinta. Wani ya leƙa waje ya dubi sama, wani ya kunna talabijin, wani ya kira ɗan'uwa ya tambaya. Sai da suka samu alama ta biyu ko ta uku sannan suka nemi mafaka, mintunan da aka ba su sun riga sun ƙare a neman tabbaci. Ga shi kuma ruwa ne ya lulluɓe ta, masu leƙen ba su ga mazurari ba, baƙin bango kawai suka gani yana tahowa. Bayan wannan ne hukumar ta sauya lafazin gargaɗinta, ta fara faɗar irin ɓarnar da ake tsammani ƙarara. Abin da surukinki yake shirin yi, wato ya jira sai ya tabbatar da gaske ce, shi ne ainihin abin da ya ci mutanen Joplin. Da dare kuma abin ya fi muni, bincike ya nuna tonadon dare ta fi ta rana yiwuwar kisa fiye da ninki biyu.

Batun mota

Wannan ma an gwada, a garinsu. Ranar 20 ga Mayu 2013 wata EF5 ta ratsa Moore, da ke manne da birnin Oklahoma ta kudu, ta kashe mutum 24, bakwai daga cikinsu yara ne a wata makarantar firamare. Bayan kwana goma sha ɗaya, ranar 31 ga Mayu, wata ta sauka kusa da El Reno, yamma da birnin. Mutane na cike da tsoron abin da ya faru a Moore, sai dubbai suka fito da motoci za su gudu kudu. Manyan tituna suka cushe, motoci suka tsaya cik, hadari na kansu. Wannan tonado ta buɗe har faɗinta ya kai kilomita 4.2, ba a taɓa auna mai faɗinta ba, ta kuma sauya hanya ba zato. Mutum takwas ta kashe, dukkansu a cikin mota. Uku daga cikinsu masu binciken tonado ne, har da Tim Samaras, wanda ya shafe shekaru yana wannan aiki kuma an san shi da taka-tsantsan. Allah ya taƙaita, ta mutu kafin ta kai ga inda cunkoson ya fi yawa. A daren kuma ambaliya ta ci wasu da suka ɓuya a magudanan ruwa.

In wanda ya san hadari kamar tafin hannunsa, da na'urori a motarsa, bai tsira ba, ina ga mai iyali da yara a baya, cikin duhu da ruwa da ƙanƙara? Tonado kan yi tafiyar kilomita 50 a awa, wani lokaci ta haura 100, kuma ba ta bin titi. Mota tana da amfani a wuri ɗaya kawai: tun lokacin sanarwar shiri, kafin hadari ya iso, a tafi wani gini da ya fi nasu ƙarfi a zauna. Ƙarƙashin gadar sama kuma ba mafaka ba ce, iska ƙaruwa take yi a wurin, an rasa rayuka a haka a 1999.

Abin da zan ce su yi

Ki fara tambayarta wane irin gida suke ciki, don amsar ta dogara da wannan. In irin gidajen nan ne marasa harsashi da ake jawowa da mota a ajiye, babu lungun da ke da aminci a cikinsu, kuma kaso mai yawa na masu mutuwa a ƙasar a cikinsu suke mutuwa. Dole su bar shi tun da wuri duk ranar da aka yi sanarwar shiri. In bene ne na haya kuma suna sama, su nemi maƙwabci na hawan ƙasa su yi magana da shi tun yau, ko su tambayi masu gidan inda aka tanada. In gida ne na kansu, to gidajen Oklahoma ba su cika samun ɗakin ƙarƙashin ƙasa ba saboda yanayin jar lakar wurin, amma mutane da yawa suna haƙa ƙaramar mafakar ƙarfe a daɓen gareji, ko su gina ɗaki mai rodi da kankare a cikin gida. In da hali, wannan ya fi kowace dabara, domin gaskiya ita ce ɗakin tsakiya yana tsare mutum daga yawancin tonado, amma babbar in ta bi ta kansa kai tsaye yana iya gazawa. Wace mafaka ce ta cika ƙa'ida, wannan aikin injiniyan gini ne da hukumar garinsu, su za su tambaya.

In babu wannan, banɗakin ya yi, muddin yana hawan ƙasa, a tsakiyar gida, ba taga, ba bangon da ke kallon waje. Su ajiye hular kwano ta keke ga kowane yaro, da katifa ko bargo mai kauri na rufa, da tocila, da takalma masu tauri, domin bayan ta wuce ƙusa da gilashi ne ko'ina. Jariri a sa shi cikin kujerarsa ta mota a ɗaure. Kada a ɓata lokaci wajen buɗe tagogi wai don iska ta wuce, tsohuwar magana ce da aka tabbatar ba ta da amfani.

Ga kuma abin da zai rage wa surukinki gajiya. Jiniya don na waje aka yi ta, ba ta faɗar unguwa, kuma a birnin Oklahoma ana gwada ta ranar Asabar da tsakar rana in gari na lafiya. Ya dogara da gargaɗin da ke shigowa waya, da ɗan rediyon yanayi da ke kunna kansa, ya kuma koyi gane gidansu a taswirar da gidajen talabijin ke nunawa. Tun 2007 ake zana iyakar yankin da abin ya shafa maimakon a haɗa gunduma gaba ɗaya. In gidansu yana wajen zanen, yara su ci gaba da barci, shi ya zauna yana kallo. In yana ciki, ba shawara, a tashi. A daren da aka yi sanarwar shiri, mafi sauƙi a shimfiɗa wa yaran tun farko a kusa da wurin ɓuyan. Kada wayar ta kwana a kashe ko a shiru. Addu'ar da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya koyar in iska ta taso, ta neman alherinta da neman tsari daga sharrinta, su yi ta suna cikin mafakar.

Da kika ce mu ma muna da ita

Iskar da ke kwashe mana rufi a farkon damina, daga Sakkwato zuwa Maiduguri har Maraɗi da Damagaram, yawanci ba mai juyawa ba ce. Hadarinmu a jere yake tahowa daga gabas, sai ruwan da ke zuba a cikinsa ya janyo iska mai sanyi ƙasa, ta bazu gaba da ƙarfi, ita ce wannan jar ƙurar da ke riga ruwa isowa. In na je duba ɓarna a nan gida, abin da nake fara kallo shi ne inda itatuwa da turakun lantarki suka kwanta. In duk gefe ɗaya suka fuskanta, galibi yamma, to miƙaƙƙiyar iska ce. Tonado kuwa tarkacenta a harɗe yake, a kan siririyar hanya. Ba a cika samun rahoton tonado a yankinmu ba, amma tamu iskar tana iya kai ƙarfin ƙaramar tonado, kuma faɗin inda take shafa ya fi yawa.

Rufinmu ma ta hanya ɗaya yake tafiya da nasu, daga kusurwa da baki, inda aka dogara da ƙusa kaɗai. Bayan abin da ya same su, hukumomin Moore sun sauya dokar gini a 2014, suka wajabta a ɗaure rufi da bango, bango da harsashi, yadda gida zai jure iskar kilomita 217 a awa. Mu ma abin da ya kamata mai gini ya tsaya a kai ke nan: a bar rodi ko ƙarfen ɗauri ya fito daga cikin linta a naɗe katakon rufi da shi, a ƙara yawan ƙusa a bakin kwano, kada a bar baki ya yi tsawo. Duwatsu da bulo da ake jerawa a kan kwano suna riƙe shi a ƙaramar iska, a babba kuwa su ne ke faɗowa kan mutane. Hukumar yanayi ta Najeriya, NiMet, tana fitar da hasashen kwana uku da kan ambaci tsawa da iska mai ƙarfi, ya kamata a riƙa saurare a watannin Mayu da Yuni. In kika ga gabas ta yi ja, a shigo da yara, a nisanci bishiya da tsohuwar katanga da wayar lantarki.

Ki gaishe da 'yarki da jikoki. Surukin naki kuma a ba shi labarin Joplin da El Reno cikin lalama, ya kuma nemi taswirar garinsu ya gano inda gidansu yake a kanta kafin hadari na gaba.